Jiki Ya Fi Kunne Ji

Jawabin Alhaji Nouhou a taron addu'ar marigayi Alhaji Maazou, Vénissieux, 2016

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Liman Malam Abdourahamane, shugabannin ƙungiyarmu ta ƴan Nijar mazauna Lyon, dattawan da suka taso daga Saint-Denis da Stains, Hajiya Biba da ta fita takaba jiya, ƴaƴanmu Moctar da Raliatou, jama'a maza da mata, assalamu alaikum. Sannunku da zuwa, ya ƙarin haƙuri?

Tare muka baro Damagaram, ni da Maazou. Ni na tsaya Paris ina sayar da atamfa, shi ya wuto Lyon aikin izin, inda ake buga ƙarfe. An ce in yi magana don na fi kowa daɗewa da shi. Gaskiya ne, kuma na fi kowa tsokanarsa.

Ya kasance mai tarbar baƙo. Ɗaliban da ke zaune can baya, waninku nawa ya fara kwana a falon Hajiya Biba? Ya kasance in aka yi rasuwa shi ke wanka, shi ke zirga-zirga har a sa gawa a jirgi. Ya kasance mai surutu, kai, Maazou akwai baki! Sai ƙarar izin ta cinye masa kunnuwa sannu a hankali. Na'urar likita ba ta yi masa komai ba. Mutumin da ba ya bari wani ya sa baki a hira ya koma gefe yana murmushin da ba na dariya ba, daga baya ma ya daina zuwa. Wallahi mun tsorata.

Wata Lahadi a 2004 ya bi ta wurin da Turawa ke baje tsofaffin motoci. Ya jingina da wata, mai ita ya tada ta. Ya ce mini, "Nouhou, shekara da shekaru ban ji komai ba, sai ranar. A ƙirji na ji ta." Bai huta ba sai da ya samo Mustang ƙirar 1968, mai silinda takwas, a rumbun wani manomi. Tsatsa ta ci ta, kaji na ƙwai a kujerar baya. Na ce, "Sa'o'inka na gina gidaje a Zinder, kai ka sayo akurki?" Ya kalli bakina ya karanta, ya ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Ranar da ta tashi kuwa, maƙwabtansa na unguwar Minguettes suka ji ruri, suka tabbatar an sayi kura.

To, yaya kurma zai gyara inji? Raliatou ce ta zama kunnensa. Ita ta kasa kunne, shi ya ɗora tafin hannu a kan kapo, wato murfin inji. Ta rubuta masa a iska da yatsa, ko ta matso ya ga bakinta: "Baba, akwai ƙas-ƙas ta hagu." Ya ce, "Buji ne, fulogin wuta, tuni na ji shi a hannu." Su yi ta gardama kamar abokan wasa. A haka ta girma, ta gama jami'a, ta san motar nan ciki da bai.

Ba na manta ranar da ya ɗauke ni zuwa Paris. Muna barin wurin biyan kuɗin hanya ya taka ta. Kujera ta manne mini a baya, hulata ta faɗa kujerar kajin nan, ni kuwa sai salati. Shi dariya kawai yake. Ya kama hannuna ya ɗora a gaban mota, rugugin ya bi hannun har haƙora. Ya ce, "Jiki ya fi kunne ji!" Mu yaro mai taurin kai muke gaya wa haka in za a ɗauko bulala, shi kuwa godiya yake yi wa Allah da ita. Kuma jandarma bai taɓa tsayar da shi ba. Ba gudun ne ya dame shi ba, ƙarfin da ke kwance a ƙarƙashin ƙafarsa yake so.

Motar nan ta maido mana da Maazou. Ya dawo hira. Samarin unguwa suka riƙa kewaye shi, tsofaffin Turawa na cire masa hula, amarenmu kuwa ba wadda ta yarda a kai ta a wata mota. Ya rayu cikin farin ciki, mun gani da idonmu. Alhamdu lillahi.

Yanzu ke, Raliatou. Jama'a, tun ranar jana'iza ta lulluɓe motar da tamfol, ta ba Moctar lakile, wato makullin motar, ya nemo mai saye, kuma mai sayen Asabar zai zo. Na kira ta, ta ce, "Tonton, ça suffit, ya isa haka, Kawu. Ana cewa wace irin ƴa ce ubanta na kabari tana ruri a titi, ga ta mace." Tana faɗi tana kuka. Masu wannan magana kuna cikin ɗakin nan, ban kira suna ba. Amma haba! Lokacin da bawan Allah yake zaune shiru a kusurwa, wa ya shiga ƙarƙashin mota da shi? Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Ƴata, ki saurara. Moctar ya faɗa gaban Liman cewa ya bar miki rabonsa a motar. Mahaifiyarki ma haka. Kuma ta ba ni saƙo da safen nan. Kin san ba ta taɓa shiga motar ba ko sau ɗaya, cewa take tana girgiza mata hanji. Yau za ta tafi Stains ta huta a gidan Moctar, ta ce ba za ta hau jirgin ƙasa ba. So take ta zauna inda kike zama, ke ki zauna inda yake zama. Moctar ya maido lakile, yana cikin jakarta. Ki dube ta, kada ki dube ni.

To, madalla, ta karɓa. Allah ya yi miki albarka.

Muna godiya ga duk wanda ya tako, da matan da suka yi girki, da masu karatu. Allah ya jiƙan Maazou, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya buɗe masa kunnuwa da sallamar mala'iku. Allah ya ba Hajiya da zuri'a haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Kafin Liman ya shafa fatiha, mai farar Peugeot ɗin da ta tare bakin gareji, don Allah ya je ya janye ta. Akwai masu tafiya.