Gorar da Aka Tuge a Tafkin Volta

Wanda ya katange mashigar ruwan jama'a ɓarawo ne, ko da takardar hukuma a aljihunsa. Haka Agbodeka ya yi, ya zagaye mashigar masunta da waya don ya kiwata kifi a keji. A tashar motar Dambai na ji wata mai bandar kifi da wani tsohon masunci suna zancen, tana ce masa Efo, wato yaya, yana ce mata Daavi, wato 'yar'uwa.

"Efo, dubi kwandona, ko rabi bai kai ba. Kafin kifi ya iso daga sabuwar mashiga ya fara wari."

"Daavi, ni da nake jan kwalekwale cikin taɓo da wannan gwiwar fa? Mun kai kuka ofis har takalmina ya cinye."

"An ce jirgin Agbodeka ya hau kututture. Allah ya kama shi."

"Ai ruwan nan daji ne aka nutsar, itatuwa na tsaye a ƙasa. Shekara talatin muna kafa gora tana nuna hanya."

"To ina gorar ta shiga?"

"Shi ya ce mu kwashe duk abin da yake namu. Ni kuwa mai bin doka ne."

"Har gorar, Efo?"

"Da hannuna na kafa ta. Ta ubansa ce?"

"Rage murya. Mashigar dai ba ta dawo ba."

"Ba ta dawo ba, Daavi."

Jirgin Agbodeka ya tsage biyu. Shi kuma ya wuni rungume da kututture yana ihu, sai da masuntan da ya kora suka ga dama suka ɗauko shi.