Idon Ƙanena Bayan Dashe

Assalamu alaikum ustaz, da kai da masu saurare. Ni ce Hauwa, daga wajen Managil.

Ƙanena Usman saurayi ne, da ido ɗaya yake gani. Bara aka yi mishi dashen tantanin idon a garin Madani. Ya warke, ya koma noma, muka daina zuwa asibiti. Bana sai ya fara karo da ƙofa. Rannan ina tsaye gefenshi da shayi, ya ƙwala kira: "Yaya, kina ina?"

Da muka koma asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, yakan biyo bayan dashe, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Idon bai taɓa yi mishi ciwo ba.

Ustaz, don Allah a tambayar mana masana: yaya za mu tsare ɗan abin da ya rage?