Kafso Ja-da-Rawaya

A layin ganin likita, Hansai 'yar Rigasa tana yi wa maigidanta fifita, kumburin hanji ya ramar da shi. Matar da ke gefenta ta matso.

"Baiwar Allah, me kike ba shi?"

"Kafso ja-da-rawaya. Da zawo ya taso masa sai in sayo a kemis, ya kashe ƙwayoyin cutar."

"Kash! Ni ma ciwon nan gare ni. Likita ya ce akwai ƙwayoyi masu amfani da ke tsare hanji, kafson kuwa ba ya zaɓe, har su yake kashewa."

Hansai ta daina fifitar.

"To in sun mutu, suna dawowa?"

"Wallahi tsoro ya hana ni tambaya. Kin daɗe kina ba shi?"

"Ko yau da safe ya ce ba ya so. Ni na matsa masa ya haɗiye."