Haridi da Bindigar da Ba Ta Ƙetare Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Mai girma Umda, dagacin garinmu, mai girma shugaban 'yan sandan yanki, Shehu limaminmu, Abuna limamin Kirista da jama'ar coci da suka riga kowa isowa, dattawan gidan Rashwan, Hajja Najiya uwargidan marigayi da matan da ke jin mu ta bayan labule, ɗana Fawwaz, babban ɗan marigayi, da ƙannensa, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni ne Mahran. Ba don na iya magana aka tsayar da ni ba, sai don ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka sa kaki tare da marigayi Haridi. Kafin in fara, na ga samarin da suka ƙi zama, na kuma san abin da ke ƙarƙashin jallabiyoyinsu. Ku fito da hannuwanku inda kowa zai gan su har in gama. Tsoho ne yake roƙonku.

Muna samari aka ɗebe mu soja, aka kai mu hamadar Sina. Shi aka ba gadin ayarin motoci, aka rataya masa Bur Sa'id, gajerar bindigar nan mai kama da guntun bututun famfo, wadda ke cin harsashin ƙaramar bindigar aljihu. Ya so ta ba kaɗan ba. Kullum yana goge ta, har muka riƙa ce mata amaryar Haridi. Yakan ce, "Ku faɗi son ranku. Tawa dai ba ta taɓa ce min in sayo mata awarwaro ba." Hajja Najiya, ki yi haƙuri, lokacin bai gan ki ba tukuna.

Da muka dawo gida aka ɗauke shi cikin masu gadin gari, irin bindigar nan aka sake ba shi. Da ita ya tsufa a kafaɗa.

Ya kasance mai gadin da in ya kama yaro yana satar rake, sai ya karya masa wani karan ya ce ya je ya gaishe da ubansa. Ya kasance mai raka amaren cocin Abuna kamar yadda yake raka namu. Ya kasance in faɗa ya tashi kan rabon ruwan gona, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tafiya.

Sai zamani ya juya. Kun tuna shekarar da makamai suka riƙa kwararowa ta hamada, har aka wayi gari gidan da ba Kalashnikof ana ganinsa kamar gidan da ba ƙofa. A shekarar ne ɓarayi suka kore shanun gari da rana tsaka, suka haye da su babbar magudana. Ina tare da shi. Suka tsaya a wancan ƙetaren suna harbo mu hankali kwance, harsashinsu yana huda katangar da muka laɓe. Haridi ya ɗaga tasa ya sake wuta. Da idona na ga harsasan suna faɗawa cikin ruwa kamar an watsa tsakuwa. Ɗayansu ya ɗaga murya ya ce, "Baba, kifi kake harbi?"

Washegari ya kai ta ofishin 'yan sanda, ya ɗora a kan tebur. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta gama aikinta. An yi ta ne don yaƙin lungu da rami, inda abokin gaba ke gabanka. Yanzu tasu tana yin abin da take yi a kusa, ta kuma yi abin da ba ta iyawa a nesa. Harsashinta ya yi wuya, in ƙarfenta ya karye ba mai gyara. Ku kai ta ta huta."

Jami'in ya ce zai nema masa sabuwa. Haridi ya ce a bar shi da sandarsa.

A hanyar dawowa na ce masa, "Abu Fawwaz, tsufa ya taɓa maka kai ne? Mai gadi da sanda a wannan zamani?"

Ya ce, "Mahran, ka san dalilin da na shekara da shekaru da waccan ban kashe ɗan garin nan ba? Don kafin ta kai ga mutum sai na matsa har in ji warin tabarsa. In na matsa sai in ga fuskarsa, in gane ɗan wane ne, in tuna na ci tuwon sunansa. Sabuwar nan ba ta ba ka wannan lokacin. Ni kuwa na san zuciyata, ina da saurin fushi."

Fawwaz, kana nan ranar da ka shigo da taka sabuwar bindigar gida. Ya kalle ta, ya kalle ka, ya ce, "Kai yaro, me kake iya gani daga inda take kaiwa?" Ka ce, "Mutum, Baba." Ya ce, "A'a. Farar riga kawai kake gani."

Sauran kun sani, amma zan faɗa, don kwana arba'in ke nan kowa yana faɗar nasa. An yi saɓani kan ranar rabon ruwan gona tsakanin gidan Rashwan, wato gidan su Haridi, da gidan Zanati. Samarin gidajen biyu suka hau rufin ɗakuna, magudana a tsakaninsu. Duka ɓangarorin sun yi harbi. Na ce duka, kuma ba wanda zai tashi a nan ya ƙaryata ni. Haridi ya ɗauki sandarsa ya hau gada yana ɗaga hannu. Harsashi ya same shi a ƙarƙashin haƙarƙari. Hamam ɗan Hajji Zanati ne ya harba, daga rufin da ko rawanin mutum ba a bambancewa. Da aka gaya masa wanda ya samu, da ƙafarsa ya je ya miƙa kansa ga hukuma. Yana can a tsare.

Ni na riƙe kan Haridi a motar da ta nufi asibiti. Ya tambaye ni, "Wa ya harba?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Shi ma bai sani ba." Ya lumshe ido har na ɗauka ya tafi, sai ya damƙe hannuna. Ya ce, "Ka gaya wa Fawwaz a kafa min rumfa. Kada a bar ni ba ta'aziyya."

Jama'a, mun san al'adarmu. Gidan da aka kashe wa mutum ba ya kafa rumfa, ba ya karɓar gaisuwa, sai ya ɗauki fansa, kuma ba a kan wanda ya harba ba, a kan mafi daraja a gidansu. Mun san gidajen da wannan al'ada ta mayar kango. Na kai saƙon tun ranar jana'iza, Fawwaz bai kafa ta ba. Rumfar nan da muke ciki, Hajja Najiya ce ta sa aka kafa ta yau da safe, da bakinta, ba da shawarar namiji ko ɗaya ba. Amma gahawa tana can ta huce a tukunya, ba wanda ya kurɓa, don mai gida bai miƙe ya karɓi gaisuwa ba.

Ɗana Fawwaz, ɗago ka dube ni. Ni na yi maka huɗuba a kunne ranar da aka haife ka, ubanka yana bakin aiki. Ba na ce zafin da kake ji ƙarya ne ba. Ni ma tun ranar ban iya bi ta gadar nan ba. Amma Hajji Zanati yana bakin ƙofa tun azahar, kai ba rawani, ƙafa ba takalmi, ɗauke da likkafaninsa a hannu biyu. Ya kawo maka wuyansa. Ka san al'ada: in ka karɓi likkafanin nan, ka ajiye fansa ke nan. Ban ce ka yafe daga nan inda kake zaune ba. Na ce ka tashi ka je kusa da shi, kusa sosai, ka dubi fuskarsa. Abin da ka yanke bayan nan, tsakaninka da Allah.

Kada kowa ya motsa. Kai, mai baƙin rawani, mayar da hannunka inda yake! Ku ba shi hanya. Umda, bar shi ya tafi shi kaɗai.

Ku yi shiru.

Ya karɓa. Jama'a, ya karɓi likkafanin! Allahu Akbar. Ku riƙe dattijon kada ya faɗi, ku shigo da shi inuwa, a ba shi wuri kusa da liman. Matan ciki, ku gaya wa Hajja Najiya ɗanta yana tsaye a bakin rumfa. A mayar da gahawa kan wuta.

Sauran abin da na shirya faɗa ya tsere min. Mun gode wa Umda, mun gode wa hukuma, mun gode wa duk wanda ya tako yau alhali bai san yadda za a tashi ba.

Ya Allah, ga bawanka Haridi ɗan Rashwan. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka karɓe shi cikin masu sulhu. Ka sanyaya zuciyar matarsa da 'ya'yansa. Ka shiryi yaron da ke tsare. Ka sa jininsa ya zama na ƙarshe da zai zuba a kan ruwan nan. Amin.

Yanzu ku tashi, manya a gaba. Ku je ku yi wa Fawwaz gaisuwar ubansa.