Tagullar Dakta Almu Ba Za Ta Shiga Shara Ba

Assalamu alaikum. Malam Liman, shugaban ƙungiyarmu Alhaji Hamdan, iyayenmu da ke wannan ɗaki, Hajiya Zinatu uwargidan marigayi, da 'yarmu Humaira, sannunku da haƙuri.

An ce in yi magana a kan Dakta Almu Jalo. Zan yi, amma ku gafarce ni, yau raina a ɓace yake.

Ya kasance likitan da duk Bahaushen da ke wannan unguwa tamu ta Dagenham ya san lambar wayarsa. Ya kasance mai raka tsofaffinmu asibiti ranar hutunsa, yana yi musu tafinta. Ya kasance kuma mai tara tsofaffin lambobin tagulla na Faransa, masu faɗin tafin hannu, da hotunan mutane a jikinsu. Mun sha tsokanarsa: "Dakta, wannan kwabon ai ba ya sayen goro!" Sai ya yi dariya ya ce, "Ubana maƙerin farfaru ne a Kano. Aikin hannu nake kallo, ku dubi yadda aka fitar da gashin matar nan."

To, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba wasu suka fara raɗa a wurin ta'aziyya, wai Almu ya mutu ya bar gumaka a flat ɗin da yake zaune. Har aka samu wanda ya ce wa Hajiya ta zuba su a shara ma'aikatan council masu kwasar shara su kwashe, wai don a sauƙaƙa masa a kabari. Haba jama'a! Matar da ke takaba za a tsorata haka?

Mu da muka yi salla a falonsa mun ga abin da yake yi. Da an kira salla sai ya tashi ya kife su ɗaya bayan ɗaya, fuska a ƙasa, kafin ya shimfiɗa darduma. Wa ya taɓa ganin mai bautar gunki yana kife gunkinsa?

Hajiya, kada ki zubar da ko ɗaya, kuma ki daina kuka a kan wannan magana. Humaira, na tambaye ki jiya, kika ce da ni, "They're staying, Baffa." Sun zauna ke nan, mu ne shaidunki. Wanda bai yarda ba, ga mu nan, ya tashi ya faɗa a gabanmu.

Shiru ko? Madalla.

Mun gode muku da zuwa. Allah ya jiƙan Almu, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa dangana. Mu kuma da muka rage, Allah ya tsare matattunmu daga harsunanmu. Amin.