Yajin da Na Ƙi Dakawa

Ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Cetonmu, iyayena da ƙannena da 'ya'yana. Wanda ya shigo nan da nauyi a zuciya, Ubangiji ya sauke masa kafin ya fita. Amin!

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Saratu ta nan Mabera, mai zama a bencin baya kusa da taga saboda zafi. Na daɗe a zumuntar mata, amma ban taɓa tsayawa nan gaba ba. Yau dole ce ta tsayar da ni, domin Ubangiji ya raba ni da ciwon da asibiti ba ta da maganinsa. Kishi ne. Kada ku kalli juna, mai gidana ya daɗe da rasuwa, ba a kansa ba ne. Matar ɗana na yi wa kishi, kuma a kan yaji. I, yajin barkono da ake barbaɗawa a abinci! Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi.

Ɗana na fari soja ne, kofur. An tura su daji, can inda sai mutum ya hau tudu kafin waya ta kama. Ya bar mini matarsa Rahila a gida. Ga ta can ta sunkuyar da kai, ta roƙe ni kada in nuna ta, ga shi na nuna.

Ni goyon kaka ce, a ƙauye na tashi. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Bangaskiya ta canja mini abubuwa da yawa, amma wannan kunyar ta biyo ni har cikin birni. Tun da na haife shi sunansa bai taɓa fitowa daga bakina ba. "Yaron nan" nake ce masa, har ya yi gemu. In ya bugo waya Rahila ta miƙo mini, sai in kau da kai in ce, "Ki ce ina gaishe shi." Daga nan in shige ɗaki in durƙusa in yi ta yi masa addu'a, ba wanda ya gani.

Akwai kuma abu ɗaya da ya kamata ku sani. Lokacin da mahaifinsa ya rasu, yana wurin horon soja. Ni na hana a faɗa masa, kamar yadda muka saba yi wa na nesa. In ya tambaya sai a ce, "Baba na nan lafiya." Sai da ya dawo aka kai shi ya ga kabari. Ya riƙe abin a ransa.

To, in wani abokin aikinsa ya zo hutu zai koma, sai mu haɗa masa kwali. Rahila ta sa sabulu da man shafawa da safa, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, har da kilishi in an samu. Ni nawa yaji ne. Ba na kai shi inji, Allah ya kiyaye! Nakan gasa daddawa a garwashi har ta yi ƙamshi, in soya barkono sama-sama, in haɗa da citta da kimba da masoro da tafarnuwa, in tsaya gaban turmi in daka har kafaɗata ta yi tsami. Maƙwabta su yi ta atishawa suna yi mini tsiya ta katanga. In cika gwangwanin madara, in ɗaure bakinsa da leda, in tura shi can ƙasan kwali.

Sai in ce wa Rahila, "Kada ki kuskura ki hwaɗa mai ni nid daka."

Ta ce, "To, Inna."

Da bakina na faɗa, ba wanda ya sa ni. Ku riƙe wannan.

In kwali ya isa, sai saƙon murya ya shigo wayarta. Rahila ta taso daga ɗakinta, ta zo daidai ƙofata ta tsaya, ta ƙure ƙarar waya. Sai in ji muryarsa: "Rahila, saƙo ya iso, Allah shi yi albarka. Yajin ga ya ceci mutane! Shinkahwar da aka dahwa muna nan ba ta ciyuwa sai da shi." Abokansa a bayansa suna ihu, "Madam, mun gode! A ƙaro yajin Madam!" Akwai wani Bello ɗan Dundaye, Musulmi ne, su biyu suke kwana wuri ɗaya. Shi har cewa ya yi in an buɗe gwangwanin, ji yake kamar yana zaune a tsakar gidan uwarsa.

Yajin Madam! Jama'a, ni da ciwon kafaɗa, ita da suna!

Da fari na yi yaƙe na ce yara ne. Amma abin ya riƙa cina. Na ce a raina, wato ba ta iya jin saƙonta a ɗakinta ba, sai ta zo ƙofata ta yi mini gori. Ni na goya yaron nan da zazzaɓi na taka da ƙafa har asibiti cikin rana. Ni na hana idona barci a kansa. Yau wata ta zo ta same shi ya girma, ya yi kyau cikin kaki, ita ce Madam, ni kuwa ko "a gaida Inna" sai a ƙarshen magana, kamar an tuna da tsohuwar tabarma.

Daga nan komai na Rahila ya koma laifi. Miyarta gishiri ya yi yawa. Shararta ba ta kai lungu. In ta yi dariya da waya a hannu, sai in ji kamar an watsa mini barkono a ido. Wayar ma kanta na tsane ta! A nan harabar coci mata suka tare ta suna cewa, "Matar soja, an ce yajinki ya yi suna har daji." Ina tsaye a gefe da jakata. Ta kalle ni, na harare ta, ta sunkuyar da kai. Na koma gida ban ci abinci ba.

Addu'ata ma ta lalace. In na durƙusa don in roƙa masa tsari, sai in tsinci kaina ina kai ƙarar Rahila. Waƙa ta daina fita a zumunta, baki kawai nake motsawa. Jinina ya hau, kaina ya riƙa sarawa. Malamar asibiti ta auna ni ta ce, "Mama, me kike sawa a ranki haka?" Na ce ba komai. Ta yaya tsohuwa kamata za ta buɗe baki ta ce yaji?

Ranar nan Rahila ta kawo mini kayan yaji a tire, ta durƙusa. "Inna, ga barkono. Mai kai saƙo ya kusa komawa."

Na ce, "Ke da aka yabo, ki daka. Ga turmi can, bai da ƙahwa, ba shi gudu."

Idonta ya cika. "Inna, mi niy yi?"

"Ba ki yi komi ba, Madam."

Ta kwashi kayan ta kai inji aka niƙa, ta zuba a gwangwani, kwali ya tafi. Ni kuwa na zauna ina jira. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji. So nake in ji an ce yajin Madam ya lalace, in ga inda za ta sa fuskarta.

Saƙo bai zo ba. Ba yabo, ba ƙorafi. Rahila ta riƙa duba waya tana ajiyewa. Shirun ya fara ba ni tsoro, amma girman kai ya hana ni tambaya.

Sai wata safiya, ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, waya ta yi ƙara. Wannan karon kira ne, ba saƙo ba. Rahila ta fito da gudu, ta buɗe muryar wayar yadda zan ji. Muryarsa ta dushe, kamar wanda ya daɗe bai yi barci ba.

Ya ce, "Rahila, hwaɗa min gaskiya. Yaushe Inna tar rasu?"

Ta ce, "Wace irin magana ta wagga? Inna na nan lahiya lau, ga ta zaune!"

Ya ce, "Haka kunka ce min lokacin Baba. Na buɗe gwangwanin ga, ba hannunta na ba. Na inji na. Tun ina yaro nike cin yajin Inna, ko an ruhe min ido na san shi. Inna ba ta hwasa daka min yaji in tana da rai."

Tire ya suɓuce daga cinyata, shinkafa ta watse a ƙasa. Ashe ya sani!

Bai tsaya ba. "Na nemi izini, oga ya hana. Na ɗaure jakata. In ban ji muryarta ba yanzu, yau zan kamo hanya, ko da ƙasa." Muna jin Bello a bayansa yana roƙo, "Kofur, don Allah ka aje jakar ga! Hanyar ga ba a bin ta mutum guda!"

'Yan'uwa, kun san abin da wannan ke nufi. Sojan da ya bar bakin aiki ba izini, in hanyar daji ba ta ci shi ba, kotun soja tana jiransa. Ɗana zai jefa ransa saboda gwangwanin da na ƙi cikawa.

Rahila ta durƙusa a gabana ta miƙo waya da hannu biyu, hawaye na zuba. "Inna, yi mai magana."

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Kunyar da na tashi da ita ta riƙe ni, kunyar abin da na aikata ta danne ni, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Muryarsa ta fara yankewa, sabis na neman ɗaukewa. Ina jin yana cewa, "Kin gani? Kin gani? Ba ta nan!"

A nan na zube a kan gwiwoyina, cikin shinkafar da ta watse. Ban yi doguwar addu'a ba, ba lokaci. A zuci na ce, "Yesu, ka ga abin da ke cikin ƙirjina. Ka cire shi! Ka buɗe bakina, kada in kashe ɗana da kishi." Sai na ji kamar an kwance mini ɗamara da ta daɗe tana matse ni. Numfashi ya shigo. Na fizgi wayar.

"Ishaya!"

Ni kaina sai da na razana da na ji sunan a bakina.

"Ishaya, ni ta. Innarka ta. Ina nan da raina. Aje jakar ga."

Na ɗauka waya ta yanke. Sai na ji kuka. Ƙato da bindiga a kafaɗa, yana kuka a kan tudu kamar yaron da aka yaye! Ya ce, "Inna, ke ta? Sake hwaɗi." Na sake kiran sunan. Ya ce in ƙara, na ƙara. Bello yana ta "Alhamdu lillahi" a bayansa, sannan ya karɓi wayar ya ce, "Inna, ashe hannunki muka ci! Mun gode, mun gode. Ba ki san abin da gwangwanin ga ka yi muna ba a wurin ga." Da Ishaya ya sake karɓa sai ya ce, "Inna, na gode. Na daɗe ina son in ce miki haka, na san ba ki so." Na ce masa ina so. Haleluya!

Da waya ta yanke, na dubi Rahila. Na ce, "Tun yaushe ya sani?"

Ta ce, "Tun kwalin hwarko, Inna. Ni ban hwaɗa mai ba, kin hana ni. Shi yac ce min in ya turo saƙo in zo ƙoharki in ƙure murya. Ya ce in ya ambace ki, tashi za ki yi ki shige ɗaki, amma in da ni yaka magana, za ki zauna ki ji har ƙarshe."

Kun ji? Abin da na ɗauka gori ne, godiyata ce yarinyar nan take ɗaukowa tana kawo mini har bakin ƙofa, ni kuwa ina biyan ta da harara. Ta sha baƙar magana, ta haɗiye, ba ta taɓa kai ƙarata wurin mijinta ba. Na kama hannunta na roƙi gafara. Ta ce ba komai, na ce akwai komai, ki yafe mini. Muka yi kuka, sannan muka tsince shinkafarmu daga ƙasa.

A ranar na fito da turmi. Taɓarya biyu muka sa, ni da ita, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko biki za a yi. Hannunta bai faɗa ba tukuna, tana ƙona daddawa, amma za ta iya. Yanzu in saƙo ya zo, ba ta tsayawa a ƙofa, shigowa take mu zauna a tabarma ɗaya. Har yau wasu a cikinsu yajin Madam suke cewa. Su ce! Ba ya yi mini zafi ko kaɗan. Jinina ya sauka, ina cin abinci, kuma kun ji muryata a waƙa ɗazu.

Na gode wa Yesu da ya tsayar da ƙafar ɗana a kan tudun nan. Na gode masa da ya ba ni 'ya a inda nake ganin abokiyar gaba. Ke da kike zaune da irin wannan wuta a ƙirji, kina ganin abin ya yi ƙanƙanta da za a kai gaban Ubangiji, ki kai shi. Nawa yaji ne, bai raina ba. Ku dogara gare shi, yana ji, ko addu'ar ba ta fi numfashi ɗaya ba.

Ɗana yana can daji har yanzu, shi da Bello da sauran 'ya'yan mutane. Ina roƙonku ku sa su a addu'a. Fasto, da in na kawo roƙo nakan ce a yi wa yaron nan. Yau a kira shi yadda ya kamata. Sunansa Ishaya, ɗana ne na fari, kuma ina sonsa.

Yabo ga Ubangiji! Amin.