Lasifikar da Ta Kori Shanu

Shekarar ƙarin albashin Udoji, lasifikar Maikano mai tallan magani ta kori shanu a kasuwar Wudil. A tasha na ji shi da wani baƙo, lasifikar tana ajiye tsakaninsu.

Maikano ya ce, "Don talla na saye ta, samari. Ina cewa 'maganin basir', sai ta yi rurin bajimi."

Baƙon ya shafa bayanta. "Baba, ai ba ta magana ba ce. Amfilifaya ce ta ƙara sautin jitar bes mai kaurin murya, mai kwalaben lantarki a ciki. In ta ɗau zafi, a ƙirji kake jin kiɗan. An daina ƙera irinta."

"Ashe?"

Baƙon ya farga ya ɗaga mata daraja. "Wato... tarkace ne dai."

"Tarkacen kake shafawa kamar amarya?"

Sai da baƙon ya kwance sabon agogonsa, ya haɗa da rediyon kafaɗarsa, sannan Maikano ya sakar masa ita.